Filin Gwaggo: Inuwar Giginya da Sauran Wasiƙu

Sha'aban ya raba tsakiya, kuma kamar kullum in azumi ya ƙarato, wasiƙun da ke iso mini sun sauya launi. Maganar kishiya da ta uwar miji ta ɗan lafa, ta zakka da sadaka ta taso. Na zaɓo guda uku, na cire sunaye da unguwanni, na kuma rage musu tsawo.

Gwaggo, barka da war haka. Shekarata goma sha huɗu a gidan mijina. Ɗan kasuwa ne, yana sayar da kayan masarufi a kan sari, Allah ya rufa mana asiri. Tsakani da Allah mutum ne mai kyauta. Shekara uku ke nan duk azumi yana raba shinkafa da gero da sukari a ƙofar gida. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sai an buga hotonsa a jikin leda, kuma duk matar da ta karɓa sai an tsayar da ita an ɗauki bidiyonta an sa a Facebook. Bara sai da aka ɓalla mana ƙyaure, wata tsohuwa ta suma. Bana ya ce zai ninka, har da sanarwa a rediyo. Ga kuma yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, awara take soyawa a ƙofar gida. An koro babbar 'yarta daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa. Da na yi masa magana sai ya ce ai ba ta roƙe shi ba, in tana so ta aiko yaro ranar rabo a ba shi leda biyu. In na matsa sai ya ce ina hana shi aikin lada. Yaya zan yi?
*Uwargida, Kano*

'Yata, bari in fara ba Alhaji haƙƙinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da yawa sun koma cin abinci sau ɗaya a yini. Mutumin da ke buɗe sitonsa ya fitar da buhuna a irin wannan lokaci ba abin rainawa ba ne. Akwai waɗanda suka fi shi kuɗi nesa ba kusa ba, da an ga wata sai su garƙame gida su tafi Umara. Saboda haka kada ki tunkare shi kamar mai laifi.

Amma maganar rediyo, wannan ki hana ta ko da kuka ne. A azumin 2024 an yi rabon zakka a Bauchi, jama'a suka yi dafifi, mutum bakwai suka rasu. A watan Disamba na shekarar, cikin mako ɗaya, yara 35 suka mutu a Ibadan a wurin wani taro da aka yi alkawarin raba musu kuɗi da abinci, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra wurin rabon shinkafa, mutum 10 a wani coci a Maitama, Abuja. Babu ko ɗaya cikin masu shirya waɗannan taruka da ya tashi da niyyar kashe kowa. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Labari ya bazu, mutane su taru tun kafin asuba, wasu ma a wurin suke kwana. Ƙofa ƙarama. Na baya su ji an ce kaya sun kusa ƙarewa, su turo. Na gaba kuwa babu abin da ke gabansu sai bango da ƙarfe. Da yawa a tsaye suke cikawa, ƙirji ya matse ya kasa buɗewa. Tsohuwar da ta suma muku bara, ga azumi a bakinta ga ranar Kano, Allah ne ya ja muku kunne da sauƙi. Ki faɗa wa Alhaji haka, ki kuma tuna masa cewa a Ibadan sai da aka kama masu shirya taron aka gurfanar da su a gaban kotu.

Sai maganar hoto. Wata shekara na raka wata ƙawata wurin rabo irin wannan, tana cikin kwamiti. A cikin layi na hango wata mata da na sani, matar wani malamin firamare da ya yi ritaya, mutanen da a da su ne ke aika wa maƙwabta kwanon tuwo. Ta ja mayafi har kan hanci. Da layi ya zo kanta, yaron da ke riƙe da waya, wanda bai wuce sa'an autanta ba, ya ce, "Mama, ɗan buɗe fuska. Riƙe ledar da hannu biyu, ki ce Allah ya saka wa Alhaji." Ta buɗe, ta faɗa, murya na rawa. Ya duba wayar ya ce bai ɗauku ba, ta maimaita. Mudu biyu ne na shinkafa da ƙullin sukari. Da ta juyo muka haɗa ido, ni na fara sunkuyar da kai. Ta yi wata uku tana sauya hanya in ta hango ni. Shinkafar ba ta kai mako ba, amma bidiyon na tabbata surukanta sun gani, da abokan 'ya'yanta.

Na san abin da Alhaji zai ce: yana nunawa ne don wasu su yi koyi. Yana da hujja, ba zan hana shi ita ba. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yaba wa sadakar fili, sai dai ta fifita wadda aka kai wa matalauta a ɓoye. Kaɗan kafin ta, a aya ta 264, an yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. In zaburar da 'yan kasuwa 'yan'uwansa yake so, ya ɗauki hoton buhunan a jere, ya faɗi yawansu, ya ƙalubalanci maƙwabtansa na kasuwa su ma su fitar. Fuskar mai karɓa ba ta ƙara wa wannan komai. Ke kuma kada kalmar riya ta fito daga bakinki. Ba ki shiga zuciyarsa ba, ni ma ban shiga ba, kuma da kin furta ta magana ta ƙare, sai faɗa.

Yanzu mu zo kan Yaya, don nan ne zuciyata ta fi sosuwa. Hausawa sun daɗe da sanin irin su Alhaji, shi ya sa suka yi wa giginya kirari da inuwar da na nesa ke sha. Wai ba ta roƙe shi ba! Ai irinta ne Alƙur'ani ya siffanta a aya ta 273 ta wannan surar, masu kamun kai waɗanda wanda bai san su ba zai zaci mawadata ne, don ba sa naci wajen roƙo. Macen da ta goya ƙaninta a bayanta, ta wanke masa kashi, da wane baki za ta ce masa ya taimake ta? Ta gwammace hayaƙin awara ya cinye mata ido. Cewa ta aiko yaro ya shiga layi a ƙofar gidan kawunsa kuwa, ina fata Yaya ba ta ji ba, kuma kada ki bari ta ji.

Ki tuna masa labarin Abu Ɗalha, yana cikin Muwaɗɗa. Yana da wata gona a Madina mai suna Bairuha, daura da masallaci, ita ce mafi soyuwar dukiyarsa. Ya zo ya ce ya bayar da ita saboda Allah, Annabi (SAW) ya sa ta inda ya ga dama. Annabi ya yaba masa, sannan ya ba shi shawarar ya sanya ta cikin danginsa na kusa. Haka ya yi, ya raba wa 'yan'uwansa da 'ya'yan baffanninsa. An kuma ruwaito cewa sadaka ga ɗan'uwa lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunci. A mazhabar Malikiyya da muke bi, waɗanda ba a ba su zakka su ne waɗanda ciyar da su ya wajaba a kan mutum, wato matarsa, da ƙananan 'ya'yansa, da iyayensa in matalauta ne. Yaya ba ta cikinsu, don haka zakkarsa ta halatta gare ta, har ma ana iya ba ta abin da zai ishe ta shekara. Ya tambayi malaminsa ya ji.

Ki kuma bincika a hankali: shin wannan rabon na azumi shi ne zakkar tasa, ko daban yake fitarwa? 'Yan kasuwa da yawa suna cakuɗa su. Zakkar kuɗi da kayan ciniki kashi ɗaya ce cikin arba'in in dukiya ta kai nisabi kuma ta shekara. Wanda jarinsa ya kai naira miliyan 40, miliyan 1 daga ciki ba tasa ba ce, ta masu haƙƙi ce da aka lissafa gida takwas a Suratut Tauba. Bashi ne yake biya, kuma ban taɓa ganin wanda ya kira mai hoto ranar da zai biya bashi ba. Daga wannan miliyan ɗayan, a biya wa yarinya kuɗin jarrabawa, a saya wa Yaya injin markaɗe, tunda kullum sai ta kai waken suya inji ta biya. Ta markaɗa nata, ta markaɗa wa unguwa. In Allah ya sa albarka, baɗi ba ta cikin lissafin masu karɓa.

Ga yadda za ki bi. Zumunta a ƙafa take, ki shirya ki je gidan Yaya da kanki, ki zauna ku yi hira, ki nemi ganin takardar da makaranta ta bayar. Ki yi taka-tsantsan kada ta ji kamar matar ƙaninta ce ke yi mata alfarma. Sannan ki jira Alhaji ya ci ya ƙoshi, babu yara babu baƙi, ki ajiye masa takardar a gabansa. Na lura maza irinsa ba sa motsi da "Yaya tana cikin wani hali", amma in suka ga adadi a rubuce da ranar da za a rufe biya, hannu na shiga aljihu. In Hajiyarsu tana raye, kalma ɗaya daga bakinta ta fi taki ɗari. In ya yi, ki bar shi ya ɗauka shi ya yi tunanin. Ba ki rasa komai ba.

Rabon unguwa kuwa, mai unguwa da liman sun san magidanta, amma in ana neman gidan da ba a hura wuta ba, a tambayi ungozoma da mai kitso. A rubuta sunaye, a ɗauki Adaidaita Sahu biyu, a bi gida-gida bayan isha'i, a yi sallama a ajiye a tafi. In ya ga wahalar ta yi masa yawa, Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, ya je ya ga yadda suke aiki da idonsa, in ya gamsu ya miƙa musu. In kuwa ya kafe sai ya yi taro, to a yi shi a fili mai faɗi, a raba kati tun kafin ranar, a kira mutane rukuni-rukuni, a nemo 'yan agaji, a sanar da 'yan sanda, a kafa rumfa. Rediyo dai babu.

Gwaggo, ina gaisuwa. Na gama bautar ƙasa shekara uku da suka wuce, aiki bai samu ba. Ni da abokaina muka kafa ƙungiya a unguwarmu, muna nemo masu ba da jini in haihuwa ta zo da gardama ko an yi hatsari, muna kuma tara kuɗi mu saya wa marasa ƙarfi magani. Ko ƙarfe biyun dare aka kira ni sai na fita. Baba ya ce na zama bawan gari, sa'o'ina sun yi aure ni ina yawon asibiti da takalmi ɗaya. Sannan kuɗin da ake turo mana asusun shugabanmu yake shiga, nasa na kansa, kuma wata takwas ba a karanta mana lissafi ba. Abokina ne tun muna yara. In na tambaya sai ya ce ban yarda da shi ba. In bari ne ko in ci gaba?
*Ɗanki, Zariya*

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a barandar asibiti da tsakar dare an ce masa ya kawo leda biyu ya san darajar lambar wayarka. Akwai yaran da ke shan nonon uwarsu yau saboda ka ɗauki waya.

Duk da haka Baba bai yi ƙarya ba. Ka san gayya? Mai gona ya kira samarin gari, su zo da fartanyunsu, makaɗi na kaɗa gangar noma, a kawo fura da tuwo, kafin la'asar an gama abin da zai ɗauke shi mako biyu. Amma dubi tsarinta. Yini ɗaya ce, tana da farko tana da ƙarshe. Kowa da ya zo yana da tasa gonar da zai koma gobe. Ranar da tasa ta yi ciyawa, shi ma a zo masa. Ba a taɓa yin ɗan gayyar da ba shi da gona ba. Haka 'yan agajin da kake gani a filin Idi da sansanin alhazai: tela ne, direba ne, mai shago ne, ya sa kaki ya yi aikin Allah, ya cire ya koma neman abincinsa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. In ka ci gaba a haka, nan da shekara biyu za ka gaji, ka fara jin haushin masu kiran ka, kuma daga nan ladar ma sai ta fara yoyo.

Ku raba dare. In ku bakwai ne, kowa ya ɗauki kwana ɗaya a mako, wayar ƙungiya ta kwana a hannunsa. Ku rubuta masu ba da jini a littafi, kowa da rukunin jininsa da ranar da ya bayar na ƙarshe, tunda namiji sai ya huta wata uku kafin a sake ɗiba. Da wannan littafin, ko ba ka nan aiki zai tafi. Sauran kwana shida naka ne. Ka nemi sana'a ko da ba ta dace da takardarka ba, ka kawo wa Baba ko sabulu ne a ƙarshen wata, ka ga yadda "bawan gari" zai koma "yaron nan mai taimakon jama'a".

Maganar kuɗi kuwa, ban ce abokinka ya ci ba. Mai yiwuwa ma nasa yake ƙarawa a ciki. Amma kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya, tare da kuɗin cefanensa da na katin wayarsa, ko waliyyi ne sai lissafi ya rikice masa. Uwar adashi ma, da ba ta yi boko ba, tana ja wa kowace zubi layi a bango. Annabi (SAW) da kansa ya zaunar da Ibnul Lutbiyya, wanda ya aika karɓo zakka, ya yi masa lissafi da ya dawo, ya kuma tsawata a kan abin da ya ce kyauta aka ba shi. Wa ya isa ya ce tambayar lissafi rashin yarda ce bayan wannan?

Kada ka tare shi kai kaɗai. Ka kawo maganar a taro a matsayin doka da za ta hau kan kowa: a yi wa ƙungiya rajista a hukumar CAC, a buɗe asusu da sunanta, kuɗi ba ya fita sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu, kowane magani da rasit ɗinsa, a karanta shiga da fita duk ƙarshen wata. Ka fara da kanka, ka zo da lissafin kuɗin mota da aka taɓa ba ka har na naira ɗari. In aka yi taro biyu yana zillewa, ka zare hannunka daga ɓangaren kuɗi, ka daina tura wa mutane lambar asusun nan da sunanka. Neman jini ba ya buƙatar asusu, ka riƙe shi.

Gwaggo, na ga hoton wani yaro a WhatsApp, ciki ya kumbura, an ce ana neman kuɗin aiki. Na kasa barci, na tura naira 20,000 daga kuɗin adashina. Bayan mako biyu sai ga hoton nan dai a wani zaure, da wani suna, da wani gari, da wata lambar asusu. Yanzu ko almajiri ya yi bara sai in ji zuciyata ta bushe. Ladata ta tafi ke nan?
*'Yarki, Jos*

'Yata, ladarki tana nan. A Buhari akwai labarin mutumin da ya fita da dare da sadakarsa har sau uku, ta farko ta faɗa hannun ɓarawo, ta biyu hannun mazinaciya, ta uku hannun mawadaci, gari ya waye ana ta surutu, aka kuma sanar da shi cewa an karɓa. Wanda ya cuce ki shi ke da sauran magana, shi da yaron da yake kasuwanci da hotonsa. Almajirin ƙofar gidanki kuwa ba shi ya ci kuɗinki ba, ki zuba masa abincinsa.

Nan gaba, ki tambayi sunan asibiti da ɗakin da aka kwantar da mara lafiya. In garinku ne, ki je ko ki aika. In nesa ne, ki nemi wani da kika sani a can ya leƙa. Manyan asibitoci suna da ofishin kula da marasa galihu, sun san wanda aka rubuta wa aiki ya rasa kuɗi. Ki biya a wurin karɓar kuɗin asibiti da lambar katin mara lafiya, ki karɓi rasit. Mai gaskiya murna zai yi da haka.

Kada kuma ki ɗauka ke kaɗai ce. Akwai wani bawan Allah da ya tare ni a tasha da takardar likita a hannu, duk ta yi laushi don ninkewa, ya ce matarsa na kwance. Na ba shi. Bayan wata biyu ya sake tare ni, takardar nan dai, bai gane ni ba. Na ce wataƙila ciwon ne ya dawo, na ƙara ba shi. A karo na uku na ce masa ga kemis can tsallaken titi, mu je in sayi maganin da kaina. Ya yi godiya har da durƙusawa, ya ce in ɗan tsaya ya kira ƙaninsa ya riƙe masa kaya. Na tsaya a rana har motarmu ta cika ta tashi ta bar ni.